Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa Kasuwar Kantin Kwari da ke Fagge da Kasuwar Sabon Gari sun yi makonni a garƙame a shekarar 2020? Ran 11 ga Afrilu aka tabbatar da ɓullar korona a Kano. Gwamna Abdullahi Ganduje ya kafa dokar kulle daga daren 16 ga wata, sannan ran 27 Shugaba Buhari ya ƙara makonni biyu, ana cikin azumi.

To amma ɗan dako da mai tura baro, waɗanda sai sun fita suke ci, ina za su sa kansu? Dole aka sassauta dokar ranakun Litinin da Alhamis, jama'a kuwa suka riƙa yin dafifi wajen sayen abinci.

A watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika a Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Kulle ya rage cuɗanya, amma bai tsayar da annobar ba. An janye dokar a farkon Yuli.