Yadda Na Sauya Wa Manhaja Riga Saboda Idon Kawu

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen kimiyyar kwamfuta da ke shirin aikin kammala karatu, akwai wani abu da na koya lokacin SIWES wanda nake ganin zai yi muku amfani kafin ranar kare aiki.

Na yi watannina huɗu a wani shagon kwamfuta a Birnin Kudu, inda ake buga takardu da cike fom a intanet. In aiki ya yi sauƙi sai in buɗe Python in riƙa gwada abin da aka koya mana. Kawuna yana da kemis a Gwaram, kuma duk lissafinsa a littafi yake: maganin da ya shigo, wanda ya fita, da ranar ƙarewar wa'adinsa. Sai na ce bari in rubuta masa 'yar manhaja da Tkinter ta riƙe masa wannan lissafi a tsohuwar laftof ɗin da ke shagon.

Manhajar ta yi aiki. Na ƙawata ta yadda nake ganin na zamani ke yi: farin allo, rubutu siriri ruwan toka, layin maganin da wa'adinsa ya wuce kuma ja mai haske. Bayan mako biyu Kawu ya kira ni a waya.

"Kai yaro, wannan abin naka zai ja min magana. Jiya saura kaɗan in ba wata mata sirof ɗin yara da ya lalace, sai da na duba jikin kwalbar."

Na ce, "Kawu, ai layin ja ne."

Ya ce, "A idonka ba. Ni duk iri ɗaya nake gani."

Ranar Asabar na hau mota na je Gwaram, na zauna a kujerarsa. Ƙofar shagon na fuskantar rana, hasken allon ya yi rauni saboda tsufa, mai shagon kuma ya haura sittin. Wallahi ni kaina sai da na matse ido.

To, gyaran da na zata na minti goma ne ya cinye min kwana biyu, domin na warwatsa launukan a cikin kod ɗin. Kowane maɓalli da nasa, kowane layin rubutu da nasa. In na gyara nan sai can ya fito da tsohon launi. A nan na gane abin da nake so ku riƙe: launi da salon haruffa riga ce, aikin manhaja kuma jiki ne. Riga a wuri ɗaya ake ajiye ta, yadda za a cire a sa wata ba tare da an taɓa jikin ba. Wannan rigar ita ce kalmar theme da kuke gani a cikin kod.

Ga yadda abin yake a Python. Tkinter na da kayan gini iri biyu: na da, da kuma na ttk da ya zo da Tk 8.5 a 2007. Na ttk ba sa riƙe launinsu da kansu, wani manaja ne mai suna Style ke raba musu. Ka rubuta salo = ttk.Style(), sannan salo.theme_names() zai jero maka rigunan da ke kwamfutarka. A ko'ina za ka samu clam, alt, default da classic, a Windows kuma akwai ƙarin vista, xpnative da winnative.

Ga tarko na farko. A Windows manhajarka da vista take tashi, kuma a wannan rigar Windows ce da kanta ke zana maɓallan. Ko ka ce maɓalli ya zama kore, ba zai saurare ka ba. Na ɓata yini guda ina zaton kuskure na yi. Maganin layi ɗaya ne: salo.theme_use("clam"). Daga nan launin da ka faɗa shi za a bi.

Bayan haka sai ka tara launukanka a ƙamus biyu:

RANA = {"baya": "#FFFFFF", "rubutu": "#000000", "gargadi": "#B00020"}
DARE = {"baya": "#1E1E1E", "rubutu": "#F0F0F0", "gargadi": "#FF8A80"}

Waɗannan lambobi shida-shida ba sihiri ba ne. Biyun farko yawan ja ne, na tsakiya kore, na ƙarshe shuɗi, daga 00 zuwa FF, wato daga 0 zuwa 255. Sai ka rubuta aiki ɗaya da zai sa wa manhajar rigar da aka miƙa masa:

def sa_riga(r):
    salo.configure(".", background=r["baya"], foreground=r["rubutu"])
    salo.configure("Treeview", background=r["baya"], fieldbackground=r["baya"], foreground=r["rubutu"])
    jadawali.tag_configure("lalatacce", foreground=r["gargadi"])
    taga.configure(bg=r["baya"])

Ɗigon da ke layin farko na nufin duk kayan ttk baki ɗaya. Layin ƙarshe kuma shi ne tarko na biyu: babbar tagar da kayan da, irin su Text, Canvas da Listbox, ba sa bin Style, dole ka kira su da suna. In ka manta, za ka ga manhaja baƙa da farin faci a tsakiya kamar riga mai maho. Haka nan launin maɓalli lokacin da linzami ya hau kansa, ko lokacin da aka kashe shi, da salo.map ake gyara shi.

Masu Java, ku ma hanyar ɗaya ce. A Swing ana kiran UIManager.setLookAndFeel kafin a gina taga. Metal ita ce rigar da ke zuwa da kanta, Nimbus kuma ta shigo da Java 6 a 2008. In tagar ta riga ta buɗe, sai ka bi da SwingUtilities.updateComponentTreeUI, in ba haka ba tsohuwar rigar za ta ci gaba da zama.

Sai tambayar da ta fi kod ɗin muhimmanci: wane launi? A nan ba a bin "ni dai ya yi min kyau". Akwai ma'auni. Ƙa'idojin WCAG 2.0 da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, in manyan haruffa ne kuma 3 bisa 1. Baƙi a kan fari 21 ne, shi ne ƙarshe. Tokar da na sa wa Kawu, #999999 a kan fari, ba ta kai 3 ba. Ka ga ashe laifin ba na idonsa kaɗai ba ne. Don shafukan intanet aka rubuta ƙa'idar, amma idon da ke karanta intanet shi ke karanta manhajarka.

Ƙa'idar ta kuma hana dogaro da launi shi kaɗai wajen isar da saƙo, domin akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma abin ya fi yawa a maza. Saboda haka na ƙara rubutu a gefen kowane layin gargaɗi: WA'ADI YA WUCE. Ko allon ya dushe, kalmar na nan.

Na san da yawanmu baƙar riga muke so, ni ma ita nake amfani da ita. Da na gwada wa Kawu ita da rana, allon ya koma madubi, fuskarsa yake gani da masu wucewa a titi. Amma yaron shagonsa da ke zama bayan isha, in an ɗauke wuta, ya ce farar na kashe masa ido. Kowa da gaskiyarsa, shi ya sa na sa maɓalli ɗaya a sama mai sauya RANA da DARE. Kuma kada wani ya ce maka baƙar riga na ajiye caji a kowace kwamfuta. A allon OLED haka ne, amma yawancin laftof ɗin da ke hannunmu LCD ne, fitilar bayansa a kunne take ko da allon baƙi ne.

Abu biyu suka rage. Na farko, ajiye zaɓin mutum a ƙaramin fayil, ko da na JSON ne, manhajar ta karanta shi in ta tashi. Kawu ba zai yarda ya riƙa neman maɓalli kullum da safe ba. Na biyu, haruffa ma cikin riga suke. Na ƙara girmansu zuwa 14, sannan na gwada su da sunaye masu ƙ, ɗ da ɓ, domin wasu salon haruffa ba su da su, sai ka ga akwati a wurin ko harafin ya fito daban da sauran. Noto Sans na Google yana da su duka.

Yanzu duk launukan manhajar a fayil ɗaya suke, layi bai kai talatin ba. Da Kawu ya ce gargaɗin ya ƙara kauri, a waya na faɗa wa yaron shagon layin da zai gyara, ban hau mota ba.

Shawarata ga mai aikin kammalawa: tun ranar farko ka ware launukanka wuri ɗaya, kada ka bari sai daren kare aiki. Sannan ka ɗauki laftof ɗinka ka fita ƙarƙashin bishiya da tsakar rana, ka rage hasken allon zuwa rabi, ka miƙa wa wani dattijo, ko da mai gadin hostel ne, ka ce, "Baba, don Allah karanta min wannan layin." In ya karanta ba tare da ya kai fuskarsa jikin allon ba, to ka wuce gaba. In ya tsaya yana matse ido, koma ka buɗe ƙamus ɗin launukanka.