Dandamalin Tashar Jibiya a Kan Tebur

Mutumin Magamar Jibiya ya san tirela, ya san jerin motocin da ke jiran takardar kwastan kafin su haye Ɗan Isa su nufi Maraɗi. Jirgin ƙasa kuwa sai dai labari. Dogon da Turawa suka shimfiɗa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya bar birnin Katsina da Jibiya a gefe. Sai a watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na Fotugal, kuma Jibiya na cikin tasoshinsa. Wanda ya ƙosa yana iya gina tasa tashar a kan tebur, da kwali da gam.

Nan take wani zai ce ai wasan yara ne. Haba! Yaron da ke haɗa motar kara ko ta gwangwani da ido yake aiki, in taya ta juya shi ke nan. Mai ƙera ƙaramin jirgi da ma'auni yake aiki. A sikelin HO, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, ana raba kowane awo gida 87, har mutum mai tsayin mita 1.7 ya koma ƙasa da santimita 2. Da wannan sikelin aka gina Miniatur Wunderland a birnin Hambag na Jamus, wurin da manya ke biyan kuɗi su shiga kallo tun 2001.

Wani kuskuren da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shi ne ɗaukar kowane dogo ɗaya ne. Tsohon layin Kano faɗinsa milimita 1,067, sabon da zai ratsa Jibiya kuwa 1,435. A kan tebur na farkon yana son dogo mai milimita 12, na biyun 16.5. Wanda ya kwaikwayi tsohuwar tashar Kano ya ce Jibiya ya gina, ya yi aikin baban giwa.

Amma zuciyar aikin ita ce bakin dandamali: tsayinsa, da ratar da ke tsakaninsa da tarago. Daga saman ƙarfen dogo ake auna tsayin. Masu aunawa daga katakon tebur su ne dandamalinsu ke nutsewa, fasinja ya zama kamar zai hau katanga. A Turai yawancin sababbin dandamali milimita 550 ne ko 760, wato 6.3 ko 8.7 a kan tebur. Bambancin ya yi kaɗan a baki, amma ido na ganinsa daga ƙofar ɗaki.

Duk mai raina wannan lissafi ya ji abin da ya faru a Faransa a 2014. An yi odar sababbin taragun fasinja kusan 2,000, sai daga baya ta bayyana sun fi ƙarfin tsofaffin tasoshi da yawa a faɗi, domin awon da aka yi aiki da shi na dandamalin da ba su daɗe da ginuwa ba ne. Dole aka shiga aske bakin dandamali wajen 1,300, aikin da aka ƙiyasta kan Yuro miliyan 50. Injiniyoyi ne fa, da digirinsu da kwamfutarsu.

Maganin abin a kan tebur fensir ne. A shimfiɗa takarda a gefen dogo, a ɗaure fensir a jikin taragon da ya fi tsawo, a tura shi ya ja layi. In dandamali na cikin kwana ne, fensir a tsakiyar tarago. In a bayanta ne, a kusurwar ƙarshensa, domin nan ne ke leƙowa waje. A yanka kwali a kan wannan layin, a ƙara 'yar rata.

Sauran ginin ba wuya. Haƙarƙarin kwali a tsaye, rufi a sama, a tsaga layukan daɓe da bayan reza.

Launi ne ake yawan ɓatawa. Ruwan toka fes irin na hotunan Turai bai dace da nan ba, domin siminti a Jibiya ba ya kwana biyu cikin hunturu bai sha ƙura ba. A tankaɗe rairayi da jar ƙasa, a shafa da busasshen buroshi, a fi yawaitawa a lunguna da gindin ginshiƙai. Rumfa ta kasance mai faɗi saboda rana. A ajiye teburin mai shayi, da buhunan albasa, da butoci kusa da wurin salla, da jami'in shige da fice ɗaya tsaye tunda tashar iyaka ce.

Dandamali mai tsawon mita 200 zai ci mita 2.3 na tebur. Mai karatu ya auna ɗakinsa kafin ya taɓa reza.