Mirriya: radiyo mai kati ya gaji kaset, amma bai kwashe gadon duka ba

Duk wanda ya shiga kasuwar Mirriya ranar Lahadi, tun kafin ya kai wajen masu tukwane kunnensa zai cika da sauti, kuma ba daga wuri guda yake fitowa ba. Mai amalanken da ya ɗauko rake daga lambu ya rataya wani ɗan akwati a wuya yana jin Shata. Ɗan kabu-kabu ya cusa waya a kunne yana kaɗa kai. Dattijon da ke sayar da goro ya ajiye nasa gefen faifai, ƙira'ar Alƙur'ani tana tashi a hankali. Wannan ɗan akwati shi ake kira radiyo mai kati, waɗansu su ce MP3. Girmansa bai wuce na sabulun wanki ba, katin da ke cikinsa kuwa bai kai farcen babban yatsa ba.

Mirriya tana kilomita 18 gabas da birnin Damagaram, bisa babbar hanyar da ta nufi Gure da Difa. Tsohon gari ne na Tsotsebaki, wanda aka sani da itatuwan tsamiya, da lambuna, da ginin tukwane. Sana'o'in nan duka na hannu ne, masu cin yini. Mai ban ruwa yana iya wuni a lambu bai ga wanda zai yi wa magana ba, haka ma mai ginin tulu. Hannu yana aiki, kunne yana zaune banza. Shi ya sa abin saurare ya samu karɓuwa a nan fiye da abin kallo.

Dattawa suna tune da lokacin da mai saurare ba shi da zaɓi. An buɗe gidan radiyon Nijar a shekara ta 1958, aka sa masa suna Muryar Sahel a 1974. Abin da Yamai ta sa shi ake ji, wanda ke son wata waƙa sai ya aika da wasiƙa ya jira. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya fara ba talaka ikon jin abin da ransa ke so a lokacin da ya so. Fatake da alhazai da ƴan ci-rani suka riƙa shigo da shi daga Kano. Walkman na kamfanin Sony, wanda ya fito a 1979, bai yi wani tasiri a karkara ba. Babban radiyo-kaset mai cin pil shida ko takwas shi ne abin alfahari, shi ake ɗorawa bisa kayan ɗakin amarya. Sai dai kaset guda minti 60 ko 90 yake ɗauka, kuma kuɗin pil ba ya ƙarewa.

Dabarar da ta kashe wannan kasuwa daga Jamus ta fito. Masana a cibiyar bincike ta Fraunhofer suka gano hanyar mayar da sauti lissafi, sa'an nan a zubar da duk abin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa, kamar siririn sautin da ƙarar ganga ta danne. Abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, amma kunne ba ya jin an rage kome. A 1995 aka raɗa wa dabarar suna MP3. Da ita, katin da ake ce wa mai giga 4 yana ɗaukar kimanin waƙa dubu masu minti huɗu-huɗu, wato abin da zai cika kaset fiye da arba'in na minti 90.

A ƙasashen Turai da Amurka, na'urar da ta yi suna ita ce iPod ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 2001, aka daina ƙera ta a 2022. Ba ta wannan ƙofa abin ya shigo Mirriya ba. iPod tana bukatar kwamfuta a gida, ga tsada. Abin da ya iso nan shi ne wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijar bayan zuwan kamfanin Celtel a 2001, sai kuma ƙananan radiyoyi ƙirar Sin masu ramin kati, masu ɗan fitila a goshi, waɗansu har da faifan hasken rana a baya. Tare da su wata sabuwar sana'a ta tsiro, ta masu turi. Saurayi ne da tebur da kwamfuta da laima a bakin kasuwa ko tasha. A miƙa masa kati da ƴan daloli, a ce a zuba Ɗanƙwairo, a ƙara tafsirin Sheikh Ja'afar, a cike da waƙoƙin fim. Kafin a gama cinikin albasa ya gama.

Amfani da na'urar yana da nasa ilimi. Yawancinsu ba su da allon da ke nuna sunan waƙa, sai lamba. Mutumin da bai taɓa shiga lakwal ba sai ka tarar ya haddace cewa wa'azi yana farawa daga lamba kaza, kiɗan noma daga lamba kaza, yana latsawa cikin duhu ba ya kuskure. Masu hankali suna riƙe kati biyu: na azumi daban, na sauran watanni daban, don kada waƙar soyayya ta faɗo tsakiyar karatu a gaban baƙi. Batun caji kuwa ya zama kamar na ɗiban ruwa, kullum sai an yi tunaninsa. An ga amfanin masu faifan rana a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, Damagaram da Maraɗi suka shiga duhu, har zuwa watan Maris na 2024 da aka maido.

Abin lura shi ne, na'urar da aka ƙera don mutum ɗaya ya ji shi kaɗai, a nan ta zama ta taro. A fada, inda samari ke shan shayi, ana ajiye ta tsakiyar tabarma. Mai toshe kunne da waya kuwa ba ya rasa shan faɗa, domin yaron da babba ya yi wa sallama bai amsa ba, ba a karɓar uzurin cewa waƙa yake ji.

Ba za a ƙi faɗin alherin kati ba. Mdou Moctar, Buzu makaɗin gita daga jahar Tawa, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008. Ba kamfanin da ya rarraba su; daga waya zuwa waya suka bi, har suka kai Kidal ta ƙasar Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙi daga katunan mutane, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Ya sa ta cikin faifan da ya fitar a 2011, ya nemo mai ita, daga nan sunan makaɗin ya zagaya duniya. Amma irin wannan sa'a ɗaya ce cikin dubu. Ga yawancin mawaƙa, turi ya ƙara musu suna ya rage musu samu. Da, ko kaset na sata ne, sai an sayi wani abu da ake riƙewa a hannu, ana iya bin sawunsa. Yanzu kuɗin yana tsayawa a teburin mai turi. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, amma waƙar da ke ƙaura daga aljihu zuwa aljihu cikin daƙiƙa biyar ba ta da rumfar da za a je a karɓi haraji. Makaɗi ya koma inda kakanninsa suka tsaya: biki, da naɗin sarauta, da kyautar masu hali.

To amma babbar magana tana cikin katin kansa. Idan aka buɗe katunan da ake cikawa a kasuwannin jahar Damagaram, abin da ya fi yawa daga Kano da Kaduna ya fito: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Hamisu Breaker, da waƙoƙin fina-finan Indiya. Tsofaffin ma na can ne suka fi samuwa, irin su Mamman Shata da ya rasu a 1999 da Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, domin an daɗe da juye su. Mai turi ba ƙin na gida yake ba. Abin da ya samu a shirye daga wani mai turin shi yake bayarwa, shi ma wancan daga wani ya kwafa. Manyan sunaye kamar Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram da ya rasu a 2002, ko Ɗan Gurmu na Tawa, ana samun kaɗan daga cikin ayyukansu. Ƙasa da su fa? Waƙoƙin ƙungiyoyin Samariya da aka riƙa kaiwa bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976. Makaɗan manoma da na mahauta da na ƴan kokawa. Zabiyoyin da aka ɗauka a bikin aure cikin gida. Kaset ɗin da ɗan ci-rani ya cika da muryarsa ya aiko wa uwarsa maimakon wasiƙa. Waɗannan ba kamfanin da ya taɓa buga su. Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya, yana cikin kwalla ko ƙasan adaka, zafin bazara yana manne zarensa, ƙurar hunturu tana cinsa.

Wanda ya samu aka juye masa ma bai tsira ba tukuna. Jama'a da yawa suna ɗaukar kati tamkar rumbu, alhali ya fi kama da tulu: yana ɗaukar da yawa, yana fashewa gaba ɗaya. Kaset idan zarensa ya tsinke, a buɗe, a liƙa, a naɗe da biro, asarar ba ta wuce baiti ɗaya ba. Kati kuwa idan ya lalace ba ya ba da sanarwa. Ƙwayar cutar kwamfuta daga teburin turi tana iya ɓoye kome. Yaro yana iya latsa wurin gogewa. Akwai katunan jabu da aka rubuta wa giga 32 alhali cikinsu bai kai haka ba, sabon da aka zuba ya hau kan tsohon ya shafe shi. Ko lafiyayyen kati ne, abin da ke ciki ƴar wutar lantarki ce da aka tsare a ƙananan ɗakuna, kuma tana zurarewa a hankali idan aka ajiye shi shekaru cikin zafi. Ga shi ƙanƙane: ya faɗi cikin yashi, sai dai a yi haƙuri. Maganin da masana suka sani guda ne, a ajiye abu mai daraja a wuri biyu ko uku, ɗaya a hannun wani ɗan uwa a wani gari.

Juye kaset zuwa kati ba aiki ne mai wuya ba. Ana bukatar radiyo-kaset mai lafiya, da ƴar igiyar da za ta haɗa shi da kwamfuta, da mutum mai haƙuri. Haƙurin shi ne tsadar, domin ba a gaggauta shi: kaset mai minti 60 sai an zauna masa minti 60, a juya shi, a saurara, a yanka waƙoƙin, a rubuta sunan makaɗi da garin da shekarar idan akwai mai tunawa. Cikin wannan sa'a guda mai turi zai iya sallamar mutum goma masu son waƙar fim, don haka ba kowa ke karɓar aikin ba. Su kuma radiyoyin kaset suna ƙarewa. Kamfanin Sony ya daina ƙera Walkman mai kaset a Japan tun 2010, robar da ke juya zaren tana narkewa ko ba a taɓa ta ba, masu gyaran da suka san cikinsu kuwa yawancinsu sun koma gyaran salula.