Yadda wata ƙungiyar wasan hoki ta saye shafin intanet ta kulle shi

A watan Yulin 2024, masu bibiyar wasan hoki na ƙanƙara a Amurka da Kanada sun wayi gari shafin da suka saba buɗewa kullum ya daina aiki. Sunansa CapFriendly. Ba kutse aka yi masa ba, ba kuma kuɗin tafiyar da shi ne ya ƙare ba. Ƙungiyar Washington Capitals ce ta saye shi, ta mayar da shi kayan aikinta na cikin gida. Me ƙungiyar wasa za ta yi da shafin da babu bidiyo ko hoto mai ɗaukar ido a cikinsa, sai jerin sunaye da alƙaluma? Amsar tana cikin aikin da ake yi lokacin hutun kaka.

Dokar iyakar albashi

Gasar NHL tana da ƙungiyoyi 32, guda 25 a Amurka, 7 a Kanada. Bayan rikicin albashi da ya sa aka soke kakar 2004-05 baki ɗaya, an kafa doka cewa akwai adadin da babu ƙungiyar da za ta wuce wajen biyan 'yan wasanta. An fara da dala miliyan 39. A kakar 2024-25 ya kai miliyan 88, a ta 2025-26 kuma miliyan 95.5. Akwai kuma mafi ƙarancin abin da dole kowace ƙungiya ta kashe.

Masu kallon ƙwallon Ingila za su tuna yadda aka rage wa Everton maki a 2023, bayan an binciki asusunta na shekarun baya. A NHL ba a jira sai an gama ɓarna. Kullum ake ƙirga albashin a tsawon kaka, kuma ofishin gasar ne ke amincewa da kowane kwantiragi kafin ya fara aiki.

Abin da ake ƙirgawa shi ne matsakaicin albashin shekara. Misali, a 2024 Leon Draisaitl ya sa hannu da Edmonton Oilers kan dala miliyan 112 na shekara 8. Ko nawa ne ya shiga aljihunsa a wata shekara, miliyan 14 za a rubuta wa ƙungiyar duk shekara. Ɗan wasa ɗaya ba zai karɓi fiye da kashi 20 cikin ɗari na iyakar ba. Ƙungiya ba za ta fara kaka da 'yan wasa fiye da 23 a jerinta ba, ba kuma za ta riƙe kwantiragi fiye da 50 ba.

Hutun da babu hutu

Ana kammala gasa a watan Yuni. A ƙarshen watan ake zaɓen matasan 'yan wasa, sannan ranar 1 ga Yuli a buɗe kasuwar waɗanda kwantiraginsu ya ƙare. A wannan tsakani an yarda ƙungiya ta haura iyakar da kashi 10 cikin ɗari, da sharaɗin ta sauko kafin a fara kaka. To a nan babban manaja yake zufa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin saukowa ita ce soke kwantiragin ɗan wasa. Idan ya kai shekara 26, za a biya shi kashi biyu cikin uku na sauran albashinsa. Idan bai kai ba, kashi ɗaya cikin uku. Ana raba biyan a kan ninki biyu na shekarun da suka rage. A ce ɗan wasa mai shekara 30 yana da sauran shekara 2, duk shekara miliyan 6, babu wani alawus na sa hannu. Zai karɓi miliyan 8 a cikin shekara 4. Ƙungiya ta samu sararin miliyan 4 bana da baɗi, amma za ta ɗauki nauyin miliyan 2 na ƙarin shekara biyu kan mutumin da ya daɗe da tafiya.

Wannan ba zance ne na takarda kawai ba. A 2012 Minnesota Wild ta bai wa Zach Parise da Ryan Suter kwantiragin shekara 13, kowannensu dala miliyan 98. A 2021 ta soke duka biyun. Saboda yadda aka tsara biyan tun farko, a kakar 2023-24 da ta 2024-25 kusan miliyan 14.7 na kasonta ya tafi kan mutum biyu da ba sa buga mata wasa. Kusan kashi ɗaya cikin shida ke nan.

Sanin asirin maƙwabci

Sanin lissafinka kaɗai ba ya wadatarwa, sai ka san na sauran 31. A watan Agustan 2024, St. Louis Blues ta lura cewa Edmonton, wadda ta kai wasan ƙarshe wata biyu kafin nan, ta cika kasonta maƙil. Sai ta miƙa tayi ga matasanta biyu a rana ɗaya: Philip Broberg kan kusan miliyan 4.58 a shekara, Dylan Holloway kan kusan miliyan 2.29. Doka ta bai wa Edmonton kwana 7 ta biya daidai da tayin ko ta sake su. Ta sake su, ta karɓi damar zaɓen matasa a zagaye na biyu da na uku a matsayin diyya. Ba a kan ƙanƙara aka ci wannan wasa ba, a kan allon kwamfuta aka ci shi.

Irin wannan hoto CapFriendly yake nunawa cikin daƙiƙa kaɗan: wa ya cika, wa yake da sarari, kwantiragin wa zai ƙare. Yana da na'urar lissafin soke kwantiragi, da sashen da kowa zai zauna a kujerar manaja ya gwada musayar 'yan wasa. 'Yan jarida da ma'aikatan ƙungiyoyi duk suna leƙa shi. Capitals ta bar shi a buɗe har aka wuce zaɓen matasa da buɗe kasuwa, sannan ta rufe ƙofa.

Ba shi ne na farko ba. CapGeek, wanda ɗan jaridar Kanada Matthew Wuest ya gina, ya rufe a farkon 2015 saboda rashin lafiyarsa, kuma ya rasu a shekarar. A 2016 Vegas Golden Knights ta ɗauki mai shafin General Fanager aiki, shafin ya rufe. Yanzu jama'a sun koma PuckPedia, wanda za ka iya buɗewa a wayarka.

Abin da ya shafe mu

Ga mu masu rubuta manhaja, abin lura shi ne babu wata fasaha mai rikitarwa a nan. Rumbun bayanai ne, da tarawa da rabawa. Wahalar tana wuri biyu: karanta yarjejeniyar gasar mai ɗaruruwan shafuka a mayar da kowace doka sharaɗin da kwamfuta za ta gane, sai kuma sabunta bayanai kullum ba tare da kuskure ba har mutane su amince da kai. Bayanan a warwatse suke cikin labarai, wanda ya jure ya tattara su ne aka zo nema.

Idan kana son gwadawa, buɗe Google Sheets a wayarka. Yi gurbi biyar: suna, shekarun haihuwa, jimillar kuɗi, tsawon kwantiragi, matsakaici. Ɗauko 'yan wasa 23 na ƙungiya ɗaya daga PuckPedia, ka sa gurbin jimilla ya koma ja da zarar ya wuce miliyan 95.5. Daga nan ka ƙara lissafin soke kwantiragi. Ranar da ya yi aiki, sai ka tambayi kanka waɗanne bayanai ne a garinku kowa yake nema amma babu wanda ya tattara, ko farashin hatsi a Dawanau ne, ko kuɗin mota daga tasha zuwa tasha.