Zika: Zazzaɓi Ya Sauka, Ƙafa Ta Ƙi Ɗauka

Yau maganar Zika na kawo mana. Da yawanmu mun san ta ne da jariran Birazil da aka riƙa haifa da ƙaramin kai a 2015. To akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma shi har manya yake kamawa.

Mu je wasu tsibirai da ke tekun Fasifik ƙarƙashin ikon Faransa, wato Folinesiya. Zika ta ɓarke a can daga 2013 zuwa 2014. Zazzaɓi ne mai sauƙi, da ƙuraje da jan ido, galibi ma mutum ba ya sanin ya kamu. Sai ga mutane suna zuwa asibiti ƙafafu sun ƙi ɗaukarsu. Mutum 42 aka tabbatar suna da ciwon da ake kira Guillain-Barré, kuma da aka gwada jininsu, dukkansu an ga alamar Zika ta taɓa shigarsu. Goma sha biyu sai da aka sa musu na'urar taimakon numfashi. Mujallar Lancet ta buga binciken a 2016.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda abin ke faruwa. Garkuwar jikinka ce ta fito yaƙi da ƙwayar cutar, sai ta ruɗe ta afka wa jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa tsoka. Ka ɗauki wayar lantarki da aka gwaguye: injin lafiyarsa ƙalau, amma wuta ba ta isa gare shi. Shi ya sa raunin yakan zo ne bayan zazzaɓin ya sauka, a tsibiran nan wajen kwana shida. Yakan fara da gilmayya da nauyi a ƙafafu biyun, ya haura cinya da hannuwa, wani lokacin har ƙirji.

Kada hankali ya tashi fa. An ƙiyasta cikin mutum 100,000 da suka kamu, kusan 24 ne abin ke samu, kuma ba Zika kaɗai ke tayar da shi ba, har wani nau'in gudawa yana yi.

Me ya haɗa mu da wannan? Sauron Aedes mai yaɗa ta, shi ne dai mai kawo shawara da denge, kuma muna da shi. Da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ke rataye, a ruwan tsohuwar taya da buɗaɗɗen durom yake ƙyanƙyasa.

Tsorona, wallahi, shi ne mu ce iska ce ko sammu mu zauna a gida. Akwai magani a manyan asibitoci, ko dai sinadarin garkuwa da ake sawa ta jijiya, ko tace jini, kuma sun fi aiki a makonni biyun farko. Yawancin marasa lafiyar suna komawa tafiya, ko da za a ɗauki watanni. In ka ga raunin yana haurawa, ko haɗiya da numfashi sun fara wuya, a tafi asibiti a ranar.