Kakuri: wa zai adana tarihin mutanen masaƙa?

Duk lokacin da aka tashi maganar masaƙun Kaduna, abu ɗaya ake maimaitawa: za a farfaɗo da su. Gwamnati ta zo ta yi alkawari, a kafa kwamiti, a kai ziyara da 'yan jarida, a watse. Ba na cewa a daina fatan. Amma kafin a jira ranar da injin zai sake tashi, akwai wani abu da ke ɓacewa kullum ba tare da an kafa masa kwamiti ba, wato mutanen da suka yi aikin da abin da ke cikin kawunansu da akwatunansu.

Babbar masaƙar zamani ta farko a Arewa ita ce Kaduna Textiles Limited (KTL), wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ce ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead and Sons na yankin Lankasha a Ingila. Dalilin a fili yake. Tun farkon ƙarni na ashirin ake gurzar audugar Zariya da Funtuwa da Gusau a ɗora wa jirgin ƙasa zuwa teku, a saƙa ta a Ingila, a dawo mana da ita yadi mu saya. Sai aka ce a saƙa ta a gida. Akoko aka fara yi. Cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya: Nortex, da Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da Japanawa, da UNTL ta attajiran Hong Kong wadda atamfarta ta cika kasuwanni. A shekarun 1980 babu wani ɓangaren masana'antu a Najeriya da ya kai saƙa ɗaukar ma'aikata.

Masaƙa ta kan haifi gari a gefenta, kuma wannan garin shi ne abin da ake mantawa. Kakuri da Makera da Nasarawa sun cika da mutanen da aikin ya jawo daga ko'ina: Bahaushe, Tibi, Idoma, Igala, Bajju, Bayarabe, Ibo, suna haya a gida ɗaya, suna layin famfo ɗaya. Jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwa. Idan ta yi kuka, masu fita da masu shiga su haɗu a bakin get, kekuna su toshe hanya, mai shayi da mai ƙosai da mai tuwo su yi cinikin da za su yi. Ranar albashi kuwa har mai gyaran keke ya san wata ya yi. Akwai adashi, akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke kai gawa gida, akwai auratayya tsakanin ƙabilun da ba don masaƙa ba da ba za su taɓa haɗuwa ba. Wanda ya san yadda rikicin 2000 ya raba Kaduna gida biyu, kogi ya zama iyaka, zai gane darajar a ji daga bakin waɗanda suka yi shekara ashirin suna tsaye kan layin inji ɗaya ba a tambayi addinin kowa ba.

A nan ne kuma ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta yi ƙarfi. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar, daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999, har ya yi gwamnan Edo. Nasa tarihin an sani. Na masu ɗaura zaren da ya tsinke a ɗakin saƙa ne ba a rubuta ba.

Yadda abin ya rushe ba sai an tsawaita ba: tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar naira, tsadar baƙin mai, rashin wuta, tsofaffin injina, sai yadin China da ake fasa-ƙwaurinsa ta kan iyaka har Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Wasu ƙasashen ma masaƙunsu sun mutu, amma ba su bar labarin ya bi su ba. A garin Lowell na Amurka an mayar da tsofaffin masaƙun wurin tarihi na ƙasa a 1978. A ɗaya daga cikinsu har yanzu ana kunna injinan saƙa domin baƙo ya ji ƙarar da kunnensa, ya fahimci dalilin da ya sa masaƙa da yawa suke kurmancewa, da dalilin da ya sa a Lankasha suka ƙware wajen karanta leɓe da magana da hannu. Masaƙar New Lanark a Sikotland ta rufe a 1968, ta kusa zama kango, aka gyara gidajen ma'aikata mutane suka ci gaba da zama a ciki, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Amma misalin da ya fi dacewa da aljihunmu shi ne na jihar Karolina ta Arewa. Can malaman jami'a da ɗalibansu suka ɗauki rakoda suka shiga ƙauyukan masaƙa gida-gida, suka yi hira da tsofaffin ma'aikata sama da 200. Daga hirarrakin aka fitar da littafin Like a Family a 1987, muryoyin kuma suna ajiye a ɗakin karatun jami'ar. Yawancin waɗanda aka yi hirar da su sun rasu. Da an jinkirta shekara goma, da babu littafin.

Mu ma ba a fara daga sifiri ba. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun yi littafi kan ƙungiyar ma'aikatan, Elisha Renne ta yi rubutu kan matan da mazajensu ma'aikatan KTL suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Sai dai da Turanci suke, jikan ma'aikacin da ke Makera bai san da su ba. Ga Arewa House a Kaduna, ga gidan adana takardu na ƙasa, ga gidan tarihi, ga sassan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna. Wayar da ke hannun kowane ɗalibi ta fi rakodar da aka yi aikin Karolina da ita.

Abin da za a tattara yana cikin gidaje. Katin shaidar aiki mai hoton saurayin da yanzu ya haura saba'in. Takardar albashi da ta nuna abin da aka cire na ƙungiya. Hoton ranar Mayu, ma'aikata sanye da ankon atamfar da suka buga da hannunsu. Turmin atamfa a ƙasan akwatin wata tsohuwa, sunan kamfanin yana nan a gefen yadin. Su kansu littattafan zanen atamfa, idan akwai waɗanda gara da ruwan sama suka bari, dukiya ce. Injin saƙa guda ɗaya ma, a ce an tsame shi kafin ya faɗa hannun 'yan gwangwan, zai ishi ɗaki guda a gidan tarihi.

Akwai wani sharaɗi, a ganina. Kada a je wa mutumin da aka sallama ba giratuti a ce masa ya ba da labarin zamanin daɗi kawai. Tun 2002 tsofaffin ma'aikatan KTL, kamfanin da jihohin Arewa 19 suka mallaka, suke bin haƙƙinsu, da yawa sun riga mu gidan gaskiya suna bi. Wannan yana cikin tarihin, kuma shi za su fara faɗa. A bar su su faɗa, da harshen da suka ga dama, a rubuta da izininsu. Takardun kuma a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su, domin rajistar ma'aikata da takardar albashi su ne hujjar da magada za su riƙe ranar da aka tashi biya.