Igiyar Da Ke Tsare Gida Daga Gobara A Ƙasashen Sanyi

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, kamar Kanada da Norwe, murhun itace akwati ne na ƙarfe mai ƙofa da bututun hayaƙi, wanda ke ɗumama gida dare da rana. Amurkawa da yawa sun koma gare shi bayan tsadar mai ta 1973.

Ƙa'idar murhun ita ce kada iska ta shiga sai ta kafar da aka tanadar mata. Saboda haka akan zagaye bakin ƙofar da igiyar zaren gilashi wadda wuta ba ta ci. Yau da gobe igiyar takan taushe, iska ta sami hanya. Daga nan wuta ta fi ƙarfin mai ita: itacen da zai kai asuba ya ƙare da tsakar dare, ƙarfen ya yi jajawur har ya tsage. Ta tsagar kuwa iskar guba marar wari tana iya cika ɗaki mutane na barci.

Don haka kafin hunturu magidanta kan gwada murhun yana sanye. Sukan rufe ƙofar a kan takardar kuɗi su ja. Idan ta zame ba gardama, igiyar ta mutu. Wasu kan sa tocila a ciki da dare, duk inda haske ya ɓullo nan ɓarakar take.

Gyaran ba wuya. A ɓamɓare tsohuwar igiya, a kankare gurbinta, a shafa abin liƙi mai jure zafi, a danna sabuwa daidai kaurin ta da. Sai ya bushe sannan a hura wuta.